Maiƙo da Ciwon Hanta: Wasiƙa Zuwa ga Ma'aikatan Jinya da Masu Tsara Abincin Asibiti

 

Akwai wata magana da ke kuɓuce mana a baki ba tare da mun auna ta ba. Da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce ko ciwon hanta, sai mu juya wurin matarsa mu ce, "Hajiya, ban da mai, ban da nama." A gida muka gaji maganar, muka shigo da ita asibiti, farar riga ta ƙara mata nauyi. Washegari ku buɗe kular da aka kawo masa: farar shinkafa tsurarta, ko koko tsararo. Ya yi loma biyu ya ture. Kafin wata ya zagayo dantsensa ya koma kamar sillen kara, gefen goshi ya lotsa, ciki kuwa ya cika da ruwa, 'yan'uwa suna kallon ma'auni bai sauka ba suna hamdala.

Hantar da ta yi tabo ta ƙandare ba ta iya ajiye sukarin da jiki ke ja cikin dare. Shi ya sa kwana ɗaya da yunwa a wurin irin wannan majinyaci daidai yake da yunwar kwana biyu ko uku a wurin mai lafiya, jiki kuma sai ya juya ya fara cin tsokarsa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta fitar a 2019 ta ce a ba shi aƙalla kalori 35 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da furotin giram 1.2 zuwa 1.5. Mai kilo 60 ke nan yana neman kalori 2,100. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci 4 kacal. To ku faɗa mini, mutumin da ruwa ya matse masa tumbi, wanda rabin kwano ke ƙosar da shi, ta ina za ku cika masa wannan lissafi in kun kwashe man? Ku bar masa man miyarsa daidai misali. Ku raba abincin kashi-kashi, a tabbatar ya ci wani abu kafin ya kwanta, ko kunun gyaɗa ne ko dafaffen ƙwai. Abin da ya kamata a sa wa ido a girkin mai kumburin ciki shi ne gishiri da dunƙule. Kar kuma ku manta bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sai da maiƙo. Majinyacin da ya fara lalube da magariba, dundumi ne, a tuna da bitamin A. Wanda dasashinsa ke zubar da jini, a tuna da bitamin K.

Akwai inda rage mai yake da hujja. Idan hanyar ruwan matsarmama ta toshe, za ku ga bayan-gida ya yi fari, yana sheƙi, yana yawo a saman ruwa. Nan man ne bai narke ba, kuma likita kan rubuta wani mai na musamman da ake tacewa daga kwakwa, wanda hanji ke tsotsewa ba sai da ruwan matsarmama sosai ba. Haka mai tsakuwa a matsarmama. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan an duba mutum.

Cewa irin man ma yana da tasiri, jarirai ne suka koya wa likitoci. Jaririn da hanjinsa ba ya aiki ta jijiya ake ciyar da shi, kuma shekaru da dama man waken suya ake zuba wa cikin ruwan. Da yawa daga cikinsu hantarsu kan lalace. A asibitin yara na Boston da ke Amurka, wata mai haɗa magunguna, Kathleen Gura, da likitan tiyata Mark Puder suka musanya shi da man kifi mai suna Omegaven. A 2006 suka ba da rahoton jarirai biyu da shawararsu ta washe, a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Ba su daina ba jariran mai ba, canza shi suka yi. A jami'ar Uppsala ta Suwidin kuma, a wani bincike da aka wallafa a 2014, an ciyar da matasa masu lafiya ƙananan kek na tsawon mako 7, wasu da tataccen manja, wasu da man sanfulawa. Ƙibar da suka ƙara ɗaya ce, amma 'yan ɓangaren manja ne kitse ya taru a hantarsu. Ba ina cewa a kori manja daga miya ba, jan nan nasa tushen bitamin A ne. Sai dai mai teɓa da hoton asibiti ya nuna kitse a hantarsa, shi ne wanda za ku zauna da shi kan soye-soye da kitsen nama da lemon kwalba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa yana gyara hantar ƙwarai. Abin takaici, shi muke ƙyalewa don ya yi kama da mai lafiya, mu takura wa wanda ya rame.

Yanzu kuma ga wani sabon abu. 'Yan'uwan majinyaci kan miƙo waya su ce, "Sista, an ce a waje ana yi wa mutum allurar ƙwayoyin halitta hantarsa ta dawo sabuwa." Ku san amsar. Dashen ƙwayoyin hanta gaskiya ne. A 1998 Ira Fox da abokan aikinsa a jami'ar Nebraska suka ba da labarin yarinya 'yar shekara 10 mai ciwon shawara na gado, wadda kullum sai ta kwana ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Suka ɗura mata ƙwayoyi biliyan 7.5 ta babbar jijiyar da ke kai jini hanta, shawarar ta ragu, awoyin fitilar ma suka ragu. A asibitin King's College na Landan, Anil Dhawan da tawagarsa suka lulluɓe ƙwayoyin cikin wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, suka zuba a cikin yaran da hantarsu ta tsaya farat ɗaya. Cikin yara 8 da suka ba da rahotonsu a 2020, 4 sun tashi da hantarsu ta asali. Amma ku lura da su wa aka yi wa: yara masu ciwon gado, ko waɗanda hantarsu ke neman a riƙe ta na ɗan lokaci ta farfaɗo. Amfanin ƙwayoyin yakan dusashe bayan watanni, da yawa sai an koma dashen hanta ɗungurungum. A hantar da ta riga ta ƙandare kuwa, ƙwayoyin ba sa samun wurin zama. Duk wanda ya nemi a sayar da gona don a yi wa dattijo mai kumburin ciki irin wannan allura, ku ce a dakata a ga likitan hanta tukuna.

A dashen ƙwayoyin ma kitse bai bar likitoci sun huta ba. Ƙwayoyin daga hantar mamatan da suka ba da kyauta ake ciro su, galibi wadda aka ƙi dasawa, kuma babban dalilin ƙin shi ne ta yi kitse. Ƙwayoyin irin wannan hanta raunana ne, ba sa jure daskarewa.

In akwai man da nake so ku tsananta tambaya a kansa, na gyaɗar da ta yi fumfuna ne. Gubar aflatoksin tana cikinta, tana bin man da ba a tace ba, ta fi yawa a ƙuli-ƙuli. Kun kuma san gyaɗar da aka tsince aka ware, mai baƙi-baƙi da motsattsiya, sau da yawa ita ake kai wa inji. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma idan gubar ta haɗu da wannan cuta haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sau da yawa. Don haka mai nau'in B, ku tambayi matarsa inda take sayen mai, ku ce ta sayi gyaɗar ta tsince da hannunta kafin a kai matsa, ta ajiye buhun a kan katako nesa da danshi.

Wassalam,
ɗan'uwanku a bakin aiki.