Zaman Iyali: Kai Yara Gidan Zoo na Kano Daga Sabuwa

Ga kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, waken soya ya tafi kasuwar Ɗandume, makarantu kuma sun kusa ba da hutun ƙarshen shekara. A irin wannan lokaci ne yara sukan tasa iyaye gaba da roƙo: "Baba, yaushe za ka kai mu mu ga zaki?" Dā can a littafin makaranta kaɗai suke ganin zakin. Yanzu kuwa a wayar yayyensu suna kallon yaran wasu ƙasashe suna hawa lilo mai tsawon bene, suna ihu, suna dariya, su ma ransu ya biya.

Ni dai a ganina a kai su, in da hali. Yaron da ya tashi a Sabuwa, ko Faskari, ko Ƙanƙara cikin shekarun nan ya ji abin da bai kamata kunnen yaro ya ji ba. Ya san ƙarar babura da tsakar dare, ya san yadda fuskar uwarsa takan sāke in uba ya yi dare a gona. Wanda aka haifa a Disamba 1 ga wata ko 31, a shekarar 2020, watan da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, yau ya yi wayo, kuma bai taɓa sanin wani zamani dabam da wannan ba. Irin wannan yaro, yini guda na wasa da dariya a wurin da ba a waiwaye ba almubazzaranci ba ne. Amma fa tafiyar tana da sharaɗi: a auna ta da ƙarfin ƙaramin da ke cikin yaran, ba da ƙarfin uba ba, ba kuma da burinsa na a ce ya kai iyali birni ba.

Ɗaya daga cikin wuraren wasa irin na Turai da yara suke gani a waya, asalinsa ma daga zuciyar wani uba ne. Walt Disney, mutumin Amurka mai zanen majigin yara, yakan kai 'ya'yansa mata biyu wurin lilo ran Asabar, ya zauna a benci yana kallonsu, ba shi da abin yi. Nan ya yi tunanin gina wurin da iyaye da yara za su yi wasa tare. Ya buɗe Disneyland a Jihar Kalifoniya ran 17 ga Yuli, 1955. A ƙasarmu abin da ya fi kama da wannan shi ne Wonderland ta Abuja, wadda aka buɗe a 2007 kusa da babban filin wasa na ƙasa, daga baya aka sāke mata suna zuwa Magicland. A Jos akwai gandun namun daji da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Duka biyu suna da kyau, amma ga iyalin da zai taso daga Sabuwa da goyo da ɗan shekara huɗu, sun yi nisa. Wurin da ya dace shi ne Gidan Zoo na Kano, wanda aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma sunansa yake ɗauke da shi har wa yau. Akwai zaki, da kura, da jimina, da birai, akwai inuwar itatuwa, akwai lilo. Ga yaron da bai taɓa wuce Funtuwa ba, wannan ya ishe shi labarin shekara.

To, babban zancen shi ne hanya. Kowace aka bi, tafiyar ta haura kilomita 200. Daga Sabuwa a nufi Ɗandume, a faɗa Funtuwa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko dai a bi ta Giwa zuwa Zariya, a hau babban titin Kano ta Kwanar Ɗangora da Kura, a shiga gari ta Na'ibawa. Wannan ita ce ta fi kai mutum kusa da Titin Zoo. Ko kuwa a bi ta Bakori da Malumfashi, a karya a Dayi, a bi ta Gwarzo a shiga ta Kabuga. Kada maigida ya zaɓi hanya tun mako guda kafin tafiya ya kafe a kai. Halin hanyoyin nan yana sāuyawa kamar hadarin damina. Kwana ɗaya kafin tashi, ya je tasha da kansa ya tambayi direbobin da suka dawo a ranar, ba waɗanda suke zaune a benci suna ba da labarin jiya ba. In sun ce hanya ba daɗi, a fasa. Yara za su yi kuka, amma kukan zai ƙare kafin tuwon dare.

Kada a yi sammakon asuba, kada kuma a kai la'asar ba a fita ba. Mutanen birni sukan ba da shawara a tashi tun da duhu domin a isa da wuri. Shawarar ba tamu ba ce. Tsakanin Sabuwa da Funtuwa a bari rana ta fito sosai, motoci su fara kai da kawowa, a ga wasu sun zo daga inda za a nufa. Saboda haka ba shi yiwuwa a je Kano, a yi kallo, a komo a yini guda. Duk wanda ya gwada, dare zai same shi a hanya da yara a mota. Tafiyar ta kwana uku ce: ranar zuwa, ranar kallo, ranar komowa. Sai a nemi masauki tun da wuri wajen dangi ko abokin arziki, a faɗa musu yawan bakin da za su zo, a kuma riƙa musu kwanon masara ko wake, gama zaman birni da tsada yake.

Maigida, ka biya wa yara kujera. Na san al'adarmu ce a ɗora biyu a cinyar uwa, ɗaya a cinyar uba, domin a rage kuɗin mota. Tafiyar kasuwa ta rabin sa'a tana iya ɗaukar haka. Amma sa'o'i masu yawa da goyo a ƙirji da wani a cinya, ga fasinjoji huɗu a kujerar mutum uku, uwargida za ta sauka a Kano ƙafafunta sun kumbura, ba ta da sauran sha'awar ganin kome. In kuɗin bai isa kujerar kowa ba, gara a rage yawan masu tafiya. Jariri ɗan wata shida ba abin da zai tuna na zaki. In kaka tana nan kuma an yaye wanda ke binsa, a bar mata na barin, a tafi da waɗanda suka kai shekara huɗu zuwa sama. Yaron da mota takan juya wa ciki, kada a cika shi da abinci mai maiƙo kafin tashi, a zaunar da shi inda iska take shiga, yana duban gaba. A riƙe leda da tsumma da rigar sauyi a jakar hannu, ba a cikin but ba. In cikin hunturu ne, a sa musu rigar sanyi da hula, a shafa musu mai a leɓe da ƙafa.

Zancen kuɗi ba shi da tsawo, amma shi ne yakan jawo faɗa tsakanin miji da mata. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A 2024 lita ta haura naira 1,000. Sai ku zauna ku biyu ku yi lissafi kafin a faɗa wa yara kome. Kuɗin shiga ƙofar Zoo ba shi ne abin tsoro ba. Abin da yakan cinye aljihu shi ne mota, da A Daidaita Sahu a cikin gari (ku tuna, an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013), da ƙananan abubuwa na ciki: lilo da kuɗinsa dabam, mai hoto, mai balan-balan, mai askirim. Kuɗin komowa a ware shi, uwargida ta ɗaure a bakin zane, kada a taɓa shi ko da wane dalili. Kuɗin makarantar Janairu da na takin baɗi kuwa, ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan. In sai an taɓa su ne za a tafi, to, bana ba shekarar tafiya ba ce.

Sai ranar da za a shiga. Kowa yana so ya je ranar biki, domin yara su nuna sababbin kaya. Ban ba ku shawarar haka ba. A watan Yuni na 2019 wani labari ya zaga duniya, wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6 da dubu 800 a Gidan Zoo na Kano. Aka yi ta dariya har a jaridun Turai, daga baya hukuma ta ce babu ma goggon biri a gidan. Abin da ya kamata iyaye su lura da shi a labarin ba birin ba ne. Kuɗin nan na shiga ƙofa ne da aka tara a 'yan kwanakin bikin Salla. Ku auna yawan mutanen da suka bi ta ƙofa ɗaya har aka tara wannan, sa'an nan ku auna ɗanku mai shekara huɗu a tsakiyarsu, tsawonsa bai wuce gwiwar mutane ba. Washegarin Kirsimeti da ranar Sabuwar Shekara ma wuraren wasa sukan cika. Disneyland kanta ranar da aka buɗe ta haka ta kasance: mutane suka ninka waɗanda aka gayyata saboda tikitin jabu, famfunan ruwan sha suka ƙi kawowa, kwaltar da aka zuba ta yi laushi har takalman mata suna nutsewa. Ku zaɓi wata Talata ko Laraba ta cikin hutu, ku isa da hantsi. Da sanyin safiya ne dabbobi suke motsi. Da rana tsaka zaki barci yake yi, yaro ya yi ta kira ba ya ko ɗaga kai.

Kafin a fita daga masauki, a rubuta sunan yaro da sunan ubansa da lambar waya biyu a takarda, a sa masa a aljihu, ko a ɗinke a cikin riga. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Sabuwa da maƙwabtanta a Satumba 2021 har tsawon watanni, mun san waya ba abin dogara ba ce ɗungum. Caji ma yakan ƙare. Saboda haka da an shiga, a tsaya a nuna wa yara ƙofar da masu tsaronta, a ce musu, "In ba ka gan mu ba, kada ka yi ta yawo kana nema, kada ka bi kowa waje ko ya ce Baba ne ya aiko shi. Ka zo nan ka tsaya." A sa su su maimaita da bakinsu. Miji da mata kuma su raba yaran da suna: wannan naka, waɗannan nawa. Yawancin ɓatan yara a taro yakan faru ne sa'ad da uba yana tsammani yaron yana wajen uwa, uwa kuma tana tsammani yana wajen uba. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara tara tsaron ƙaninta. Ita ma kallo ta zo.

Waya da shingen da aka kewaye dabbobi da su ba ado ba ne. A Oktoba 2019 zaki ya kuɓuce daga kejinsa a wannan gida, aka rufe wurin, aka yi fiye da yini ana fama kafin ya koma. Ba a kan haka nake tsoratar da ku ba, gama irin wannan ba safai yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne yaro ya zura yatsa wajen biri da gyaɗa a hannu, ko uba ya ɗaga ɗansa bisa shinge domin ya gani da kyau. Biri yana cizo, jimina tana sara. A hana yara jifa da tsokana kuma. Abin kunya ne a ga babba yana nuna wa ɗansa yadda ake zungurar kura da kara.

Game da lilo, a manyan wuraren wasa na duniya akan kafa ma'auni a bakin kowane abin hawa, yaron da tsawonsa bai kai ba ba ya hawa, ko ubansa wane ne. Inda ba a kafa ba, uba shi ne ma'aunin. Ka tsaya ka kalli abin ya yi zagaye ɗaya ko biyu tukuna. Ka dubi ƙarfen da ake riƙewa, da sarƙa, da yawan yaran da ake cusawa. Yaron da ya ce yana jin tsoro, kada a tilasta masa don an riga an biya, kada kuma 'yan'uwansa su yi masa dariya.

Ku tafi da abincinku: dafaffen ƙwai, da dankali, da ƙuli-ƙuli, da ruwa mai tsabta mai yawa. Cikin yaron ƙauye bai saba da kayan sanyin bakin titi ba. In zawo ya kama shi, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a nemi asibiti in bai tsaya ba. Sa'a uku a ciki ta isa. Da ƙaramin ya fara rigima yana neman a ɗauke shi, kallo ya ƙare, ko da ba a kai wajen kada ba. Kada a ce tun da an zo Kano sai an haɗa da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Makama a yini ɗaya. A bar su sai yaran sun ƙara girma.

Ranar komowa a shiga tasha da sassafe, domin wannan karon ƙarshen hanyar ne yake bukatar hasken rana. A lissafa yadda za a kai Funtuwa kafin azahar. A can a sāke tambayar direbobin Ɗandume da Sabuwa yadda hanya ta kwana. In mota ta ɓata lokaci har la'asar ta yi kuna Funtuwa, ku kwana nan, ku sanar da gida, da safe ku ƙarasa.