Ciniki Sai da Sallama: Buƙatar Ɗaliban Hausa Su Koyi Sarrafa Rumbun Bayanai

A kasuwar Bahaushe ciniki ba ya tsayawa a tsakiya. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka" ko ya ce "na sallama". Idan an sallama, kuɗi da kaya su sauya hannu tare. Idan an fasa, kowa ya riƙe nasa. A kan irin wannan ƙa'ida aka gina abin da masana kwamfuta ke kira ma'amala a rumbun bayanai: jerin ayyuka da ake ɗauka a matsayin abu guda, ko dai su tabbata gaba ɗaya ko a warware su gaba ɗaya. Jim Gray ya sami lambar yabo ta Turing a 1998 saboda aikinsa a wannan fage, kuma tun 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka jera sharuɗɗanta huɗu: cikar aiki, daidaito, keɓancewa da ɗorewa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin Hausa su koyi rubuta manhaja mai aiki da wannan tsari. Sakkwato ta fi ko'ina buƙata, ganin ɗimbin rubuce-rubucen hannu da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da gidajen malamai.

A ɗauki mai nazarin da ke shigar da wata waƙa ta Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa. Zai rubuta marubuciya, da sunan waƙa, da kwafin da ya gani, da inda kwafin yake. Idan wuta ta ɗauke bayan mataki na biyu, rumbun da ba shi da tsarin ma'amala zai bar waƙa ba kwafi ba mazauni, kuma mai nazari na gaba zai gaji kuskuren bai sani ba. Rumbun da ke da tsarin kuwa zai warware komai ya koma yadda yake, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka nan idan mutum biyu suna gyaran bayani ɗaya a lokaci guda, sharaɗin keɓancewa ne ke hana aikinsu cakuɗewa.

Wasu za su ce wannan aikin Sashen Kimiyyar Kwamfuta ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin Hausa ne ya san cewa "kafa" da "ƙafa" kalmomi biyu ne, kuma waƙa ɗaya kan zo da kwafin ajami da yawa masu saɓanin baitoci. Wanda bai san wannan ba zai tsara rumbun da zai haɗiye bambancin.

Kayan koyon ma ba su da tsada. SQLite, wanda ya fito a 2000, kyauta ne, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma yana zuwa tare da harshen Python. Kwas na zango ɗaya cikin darasin dabarun bincike zai isa ɗalibi ya iya buɗe ma'amala, ya tabbatar da ita, ko ya warware ta. Ya rage ga sassan nazarin Hausa su ba shi gurbi a manhajar karatunsu.