Ƙofar Jami'a da Masu Raunin Fahimta: A Tambayi Mai Abin

A ƙasar Amurka, duk shekara idan kaka ta kama, lokacin da samari da 'yan mata ke dukufa ga cika takardun neman shiga jami'a, akwai wani rukuni na matasa da su ma suke cika tasu takardar, alhali kuwa da a ce shekara sittin baya aka haife su, ko makarantar firamare ba ta zama wajibi ta karɓe su ba. Waɗannan su ne masu raunin fahimta, wato waɗanda Allah ya halitta da jinkirin ɗaukar karatu da jinkirin koyon al'amuran yau da kullum tun suna ƙanana, kamar masu lalurar Down, ba masu taɓin hankali ba. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa mafi girman fa'idar wannan tsari ba ta cikin shahadar da ake bayarwa a ƙarshe. Tana cikin hanyar neman shigar ita kanta, domin a nan ne ake tilasta wa iyaye da malamai su yi shiru su saurari wanda suka daɗe suna magana a madadinsa.

Kada mai karatu ya zaci mutanen can sun tashi ne da wannan tausayi tun asali. A shekarar 1972 aka tona asirin gidan Willowbrook da ke New York, inda a wani lokaci aka cusa mutum fiye da 6,000 a wurin da aka gina domin 4,000, cikin ƙazanta da wulaƙanci, kuma sai a 1987 aka rufe shi. Lokacin da majalisar ƙasar ta yi dokar 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai naƙasa kyauta, ita da kanta ta yi iƙirarin cewa yara miliyan ɗaya suna waje, ba a ba su gurbi ko kaɗan ba. Amma ita wannan doka tana da iyaka, gama haƙƙin yana ƙarewa ne idan matashi ya kai shekara 21 ko 22, gwargwadon ƙa'idar jiharsa. Daga nan sai motar makaranta ta daina tsayawa a ƙofar gidansu, tsararrakinsa su watse zuwa jami'o'i da wuraren aiki, shi kuwa ya koma gaban talabijin. Wajen cike wannan giɓi, Jami'ar Alberta ta Kanada ce ta fara shigar da irin waɗannan ɗalibai azuzuwanta a 1987. Sannan a 2008 Amurka ta gyara dokar ilimi mai zurfi, ta halatta musu samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya ko da ba su da cikakkiyar shahadar sakandare, muddin shirin da suka shiga ya sami amincewar ma'aikatar ilimi. A 2010 aka fara ba jami'o'i kuɗin kafa shirye-shiryen gwaji, kuma a yau cibiyar Think College da ke Boston tana lissafa shiri fiye da 300, cikinsu har da ClemsonLIFE a jihar Carolina ta Kudu, da Next Steps a jami'ar Vanderbilt, da InclusiveU a Syracuse.

To, me ake nema daga mai son shiga? Ba a neman sakamakon jarrabawar share fage da ake nema daga sauran ɗalibai. Ana neman rahoton masanin halayyar ɗan Adam da ke tabbatar da lalurar, da kundin tsarin karatun da aka keɓe wa yaron a sakandare, da wasiƙun shaida daga malami ko daga wanda ya taɓa yi wa aiki. Bayan waɗannan kuma sai wata doguwar takarda da mahaifi ko mahaifiya ke cikawa, wadda tambayoyinta, duk da sauƙinsu a baki, sukan sa gumi ya karyo wa mai cikawa: shin yana tashi da kansa idan agogo ya kaɗa? Yana shan maganinsa ba tare da an tuna masa ba? Yana iya tsallaka titi, ya sayi abu ya karɓi canji, ya buga waya idan ya ɓata? Sa'a nawa zai iya zama shi kaɗai a gida? Uwar da ta shekara ashirin tana ɗaura wa ɗanta igiyar takalmi saboda ƙauna, a gaban wannan takarda take gane cewa ba ta san ko zai iya ba, domin ba ta taɓa bari ya gwada ba.

Sai kuma ranar ganawa, wadda a wurina ita ce zuciyar al'amarin. Galibi akan bar iyaye a wani ɗaki, a shiga da matashin wani ɗakin shi kaɗai, a tambaye shi dalilin da ya sa yake son zuwa, da irin aikin da yake buri, da abin da yakan yi idan ransa ya ɓaci. Kuma masu tantancewa, waɗanda suka ga ɗaruruwan irinsa, ba ya ɓoyuwa gare su ko muradin nasa ne ko kuwa haddar da aka yi masa a mota ce yake biyawa. Wanda ya ce yana son aiki a wurin kiwon dabbobi, ko da da kalmomi uku ya faɗa yana in'ina, ya fi ƙarfin hujja a kan wanda ya zuba jawabi mai tsari wanda ba nasa ba. Idan an karɓe shi, zai zauna a wasu azuzuwa tare da sauran ɗalibai, galibi a matsayin mai sauraro da aka sauƙaƙa wa aikin gida, a haɗa shi da ɗalibai 'yan uwansa masu yi masa jagora, a tura shi koyon aiki a ɗakin karatu ko otal ko ofis, ya fita bayan shekara biyu ko huɗu da shahadar kammalawa, ba digiri ba.

Wannan usulubi na sauraron mai abin ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Ya zo a hadisi cewa wani sahabi, wanda malamai da dama suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, ya kasance ana yawan cutarsa a ciniki saboda rauni da ke tattare da shi, har iyalansa suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi saye da sayarwa. Amma da mutumin ya bayyana da bakinsa cewa ba zai iya haƙurin barin kasuwa ba, sai aka bar shi a kan sana'arsa, aka koya masa sharaɗin da zai riƙa gindayawa na cewa babu yaudara, har a wata ruwaya aka ba shi zaɓin kwana uku. Haka kuma fuƙaha'u, a babin hajaru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa, sun yi bayanin cewa ba a sanin shiriyar yaro a kan dukiya sai an jarraba shi da kaɗan daga cikinta. Hikimar a fili take: kariya ta halal ita ce wadda ke rage cutarwa ba tare da ta shafe mutum ba.

Adalci ne kuma a faɗi aibin tsarin, domin yana da shi. Guraben kaɗan ne idan an gwada da masu bukata, har wani shirin ba ya ɗaukar fiye da ɗalibai goma sha wani abu a shekara. Kuɗin waɗanda ake kwana a cikinsu yakan kai dubun-dubatar daloli a shekara, abin da tallafin gwamnati ba ya rufewa. Sharuɗɗan kuma, irin su iya karatu gwargwadon ɗan firamare da iya kula da kai, suna tace waɗanda lalurarsu ta fi sauƙi, su bar waɗanda suka fi bukata a waje. Wani ma zai ce jami'a wurin zurfafa ilimi ce, ba wurin koyon wanki da hawan mota ba. Amsata gare shi ita ce, duk wanda ya zauna a jami'a ya san rabin abin da ya fito da shi ba a allo ya same shi ba. A ɗakin kwana da wurin cin abinci ya koyi zama da mutane da riƙon kuɗi da cika alƙawari, kuma babu dalilin hana wannan rabin ga wanda ya fi kowa bukatarsa. Ƙarancin gurbi da tsada hujja ce ta a faɗaɗa, ba ta a rushe ba.

Mu a nan, inda har yanzu akan ji ana cewa "ai wannan sai dai haƙuri," ko a jingina lamarin ga iska, ko a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo, muna da dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2019, muna da Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya a Oyo, kuma hukumar JAMB ta yi wa makafi tanadin jarrabawa na musamman. Saura masu raunin fahimta. Ba mustahili ba ne wata kwalejin ilimi ko ta fasaha ta ware gurbi goma, ta haɗa su da ɗaliban sashen ilimi na musamman, waɗanda dama suna neman inda za su gwada abin da suka karanta.

Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun kowane gida, domin tambayoyin waccan takarda ba sa bukatar dala ko ɗaya. A aiki yaron shago da kuɗi a hannunsa, ko da canjin zai dawo a tauye. A bar shi ya yi alwala ya tafi masallaci da ƙafarsa. A kai shi wurin tela ko kafinta, a kuma tambaye shi wanne ya fi so kafin a zaɓa masa. Iyaye ba za su dawwama ba, masu wannan lalura kuwa yanzu suna daɗewa a duniya fiye da da, har masu lalurar Down suna kai shekara 60 a ƙasashen da ake kula da lafiyarsu. Wanda ya yi wa ɗansa komai har ya rasu ya bar wa dangi nauyi, ya bar ɗan cikin maraici biyu. Wanda kuwa ya koya masa abin da zai iya, gwargwadon ikonsa, shi ne ya sauke amanar da aka ɗora masa.