Ilmin Balaga: Gida Ko Makaranta?

Akwai wata magana da takan taso lokaci lokaci a inda iyaye da malaman makaranta suka haɗu, ko a Dingyaɗi ne ko a Boɗinga ko a Shagari, amma da wuya a kai ƙarshenta, domin da an soma sai kunya ta rufe bakin kowa. Maganar kuwa ita ce, wa ya kamata ya sanar da yaro da yarinya abin da ya shafi balaga, da canjin da ke zuwa wa jikinsu, da yadda za su tsare kansu daga cuta da miyagun mutane? Iyaye ne a gida, ko kuwa malami a aji? Mu a ganinmu lokaci ya yi da za a faɗi maganar a fili, gama barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ya kamata mai karatu ya tuna yadda abin ya faro. A shekarar 1986 aka ba da sanarwar samun mai ciwon ƙanjamau na farko a Nijeriya, zuwa 2001 kuwa ƙididdigar da ake yi a asibitocin awon ciki ta nuna cutar ta kai kashi 5.8 cikin ɗari. Tsoron wannan annoba na cikin abin da ya sa Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda a 1999 a shigar da ilmin jima'i cikin karatun makarantu. Da aka fito da manhajar, jama'a da malaman addini suka yi ca, musamman a nan Arewa, har aka sāke mata fasali da suna a 2003, aka kira ta ilmin zaman iyali da kariya daga ƙanjamau, aka kuma bar wa kowace jiha damar daidaita ta da addini da al'adun mutanenta. Sa'an nan a watan Nuwamba na 1922 da ɗari, watau 2022, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhaja ta ƙasa da ta cire wannan darasi daga karatun ƙananan makarantu, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini.

Ba mu ga laifin iyayen da suka ɗaga murya ba. Uba yana da hakkin ya san abin da ake zuba wa ɗansa a kunne, kuma littafin da aka tsara shi da tunanin wata ƙasa mai wata ɗabi'a dabam ba lalle ya dace da yaron Dingyaɗi ba. Haka kuma gaskiya ne cewa amanar 'ya'ya tana wuyan waɗanda suka haife su, su Allah zai fara tambaya. To, amma da aka ce an mayar wa iyaye da aikin, sai mu tambayi kanmu tsakani da Allah, iyaye nawa ne suke yinsa?

Kowa ya san halinmu. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zaunar da ɗiyarta ta fari ta yi mata bayanin jinin al'ada. Uba kuwa tsakaninsa da ɗansa gaisuwa ce da aike. Da can wannan kunya ba ta yin ɓarna ƙwarai, domin gida babba ne, akwai kaka da goggo da inna da kawu, waɗanda al'ada ta sakar musu baki. Kaka takan faɗa wa jikarta cikin wasa abin da uwa ba ta iya furtawa, in aure ya zo kuma tsofaffi su sa amarya a ɗaki su yi mata faɗa tun tana cikin lalle. Yau gandu ya watse a wurare da yawa, magidanta suna tafiya ci rani, yarinya tana makarantar kwana ko tana yawon talla a tasha, wayar hannu kuma ta shiga har ƙuryar ɗaki. Yaron da gida ya yi masa shiru ba ya zama da jahilcinsa. Zai ji daga abokai, zai gani a waya, kuma abin da zai samu can shi ne mafi muni.

Sakamakon wannan shiru ba ɓoyayye ba ne. Yarinya takan ga jini karo na farko ta ɗauka ciwo ne ko wani abin kunya ta aikata, ta ɓoye, har ta daina zuwa makaranta. Wani mugu, sau da yawa ma wanda gida ya sani ya amince da shi, yakan lalata yaro ko yarinya, su kasa faɗa domin ba a taɓa koya musu cewa akwai taɓin da ba a yarda da shi ba. Wanda ya leƙa sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato zai ga 'yan mata da doguwar naƙuda ta nakasa, waɗanda da su da mazansu da iyayensu sun san alamun haɗari, da an kai su asibiti da wuri. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar kare hakkin yara ta jihar Sakkwato a 2021, amma doka ba ta kama mai laifi sai yaro ya san an zalunce shi, ya kuma sami wanda zai gaya wa.

Masu cewa wannan ilmi baƙo ne a ƙasarmu sun manta da tarihinsu. A Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna. A cikin Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su koya musu hukuncin tsarki da salla da azumi ba. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji, watau dattijan mata amintattu, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata 'yan'uwansu. Har yau duk almajirin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ya bi ta kan babin tsarki, ya ji hukuncin haila da janaba da wanka da alamomin balaga, kuma ita Risala domin yara aka wallafa ta. Alkur'ani mai girma, a Suratun Nur, ya koya wa yara neman izini kafin shiga ɗakin manya a lokuta uku, hadisi kuma ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Nana A'isha ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Ashe ke nan muna da namu tsarin, cikin ladabi da tsoron Allah, sakaci ne kawai ya sa muka bar shi.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, nauyin na iyaye ne da fari, makaranta kuwa mataimakiya ce, kuma kowa da rabonsa. Tarbiyya da sanin halal da haram na gida ne da makarantar Islamiyya. Sanin yadda jiki ke aiki, da tsabta, da hanyoyin kamuwa da cuta, da inda yaro zai kai ƙara idan an cuce shi, wannan malamin kimiyya da ma'aikacin lafiya sun fi iya bayaninsa daidai. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, kuma ba wanda ya ce ilminsa na zamani ya raba shi da addininsa. Amma kada a manta, tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato a 1999, har yanzu akwai yara da yawa a ƙauyukanmu, musamman mata, da ba su zuwa makarantar boko ko kuwa suna barinta kafin su balaga. Wanda ya ɗora wa makaranta kaɗai wannan kaya ya bar waɗannan a baya.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta jiha da ta zauna da malaman addini da likitoci da wakilan iyaye, a rubuta ɗan littafi da Hausa, a bisa harshen littattafan fiƙihu da jama'a suka saba da shi, kuma a karanta wa ƙungiyar iyaye da malamai shi kafin ya shiga aji. A raba maza da mata lokacin darasin, mace ta koya wa mata, namiji ya koya wa maza, kuma a zaɓi malamai masu kamun kai waɗanda gari ya shaida. Muna kira ga hakimai da dagatai da limaman Boɗinga da Shagari da su nemo dattijan mata masu ilmi a kowace unguwa, irin jajojin Nana Asma'u, su riƙa tara uwaye da 'yan mata, tare da ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti. Uwar da ba ta iya buɗe baki kuma, ta wakilta goggo ko kaka, uba ya wakilta kawu ko malamin yaron, amma ya tabbata an yi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kunya ado ce ga Musulmi, amma kunyar da za ta sa a bar ɗiya ta shiga balaga ba ta san hukuncin wankanta ba, wannan ba ita addini ya yaba ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba iyaye da malamai ikon sauke amanar da ke kansu, amin.