Haƙuri Ne Ko Tsoro? Abin Da Ɗana Ya Koya Mini A Filin Besbol

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar gida ce ta sha kaina. Yau ba maganar wutar lantarki ko tsadar mai zan yi ba. Magana ce a kan ɗana, da wani wasa da yawancin yaran unguwarmu ba su taɓa gani ba sai da muka dawo, wato besbol.

Ga waɗanda ba su saba leƙowa nan ba, shekara 16 na yi a unguwar Buronks ta birnin Niyu Yok ina tuƙin tasi. Can aka haifi autana, can kuma ya fara riƙe sandar besbol yana ɗan shekara shida. Da muka tattaro namu ya namu muka dawo gida, muka zauna nan Sheda, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, gaba kaɗan da Gwagwalada, abin da ya ƙi rabuwa da shi ke nan: sandarsa da safar hannunsa ta fata. Yanzu duk Asabar da yamma muna taruwa da yara goma sha wani abu a wani fili, mu aje buhunan siminti a matsayin zango, mu yi ta yi har magariba.

A taƙaice ga yadda wasan yake. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai duka yana tsaye da sanda. Akwai wata taga da ba a gani, daga gwiwar mai duka zuwa wajen ƙirjinsa, faɗinta inci 17. In ƙwallo ta ratsa tagar bai kai duka ba, ko ya kai ya kuskure, an ƙirga masa ɗaya. In ya cika uku ya fita. In kuwa mai jifa ya baude wa tagar har sau huɗu, shi kuma bai kai duka ba, sai ya taka zuwa zangon farko a kyauta. Kun ga ke nan kowane jifa tambaya ce: in kai duka, ko in ƙyale?

Asabar da ta wuce, sau uku yaron nan yana shiga, sau uku yana fita, ko motsa sandar bai yi ba. Yana tsaye ƙwallo ta wuce ta gaban cibiyarsa. A hanyar gida na tambaye shi lafiya? Sai ya ce, "Baba, ai kai ka ce in riƙa haƙuri." Wallahi sai na rasa ta cewa, don gaskiyarsa ce. Tun yana ƙarami nake nanata masa haka, saboda a wasan yara masu jifa ba su iya saiti ba, wanda duk ya tsaya ƙyam sai ya samu zango a kyauta, iyaye su yi ta tafi. Ga shi kuma tun da muka dawo kowa faɗa yake masa a kan rawar kai. Kakarsa kullum sai ta ce, "Maigida, a riƙa sassautawa, nan ba Amurka ba ce." Yaro ya haɗa wannan da wancan, ya ɗauka cewa yaron kirki shi ne wanda ba ya yunƙuri.

To ra'ayina, bayan na kwana ina juya abin, shi ne mun yi kuskuren tsari. Yaro mai shekara 12 duka ya kamata a fara koya masa, zaɓe ya biyo baya. Wanda ya saba kai duka, ana iya koya masa ya rage. Amma wanda tsoron kuskure ya riga ya shige shi, fitar da shi aiki ne ja. Kuma kyautar da yake samu yau ba mai ɗorewa ba ce, don nan da shekara biyu zai gamu da masu jifa da suka iya saiti, a lokacin kuwa tsayuwa ba ta da wani sakamako sai fita.

Akwai kuma maganar lokaci. A wasan manya, tsakanin mai jifa da mai duka mita 18 ne da ɗoriya, ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 145 a awa ba ta kai rabin daƙiƙa take isowa. Na yara mita 14 ne, gudun bai kai haka ba, amma tazarar ta fi gajarta. Babu wanda zai tsaya sai ya tabbatar ƙwallo mai kyau ce sannan ya fara shiri. Dole ka shiga da niyyar duka a kowane jifa, jikinka ya riga ya tashi, sai in ka ga ta baude ka fasa. Ɗana kuwa ya juya abin: yana shiga da niyyar ƙyalewa, sai ya ga ta yi kyau ya so canja shawara, a lokacin ta riga ta wuce.

Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san wannan. Ɗan damben kirki yakan daɗe yana zagaya abokin karawarsa, hannun garkuwa a miƙe, hannun da aka ɗaure yana baya a ɗane. Mai kallo ya ce jira yake, alhali kafa yake nema, da ta samu kuwa sai dai ka ji ƙasa ta amsa. Wannan shi ne haƙurin da nake nufi. Wanda ya shiga fili ya sauke hannu yana fatan a raba kafin a taɓa shi, ba mai kiransa mai haƙuri.

Na san wasu za su ce, Malam, ai manyan wasan da haƙuri suka yi suna. Haka ne. Ted Wiliyams, wanda a 1941 ya samu duka mai kyau fiye da sau huɗu a cikin kowane goma, abin da ba wanda ya sake yi a manyan gasannin Amurka biyu na yanzu, ya raba tagar nan gida 77, ya san gidajen da yake da ƙarfi da waɗanda ba shi da shi. Bari Bons kuma a 2004 sau 232 yana tafiya zangon farko a kyauta. Amma me ya sa ake baude masa? Tsoron sandarsa ake yi. Ba don dukan ba, da babu mai ba shi kyautar. A ɗaya gefen kuma ga Biladimir Gerero na Jamhuriyar Dominika, wanda har ƙwallon da ta dira ƙasa ya taɓa dokawa, kuma a 2018 aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan. Hanyoyinsu daban, amma babu ɗaya cikinsu da ya shiga fili yana addu'ar kada ƙwallo ta zo.

Ban ce a saki yara su yi ta duka barkatai ba. Akwai wani ɗan maƙwabcinmu, ƙarfi gare shi kamar me, amma ko ƙwallo ta bi ta saman kansa sai ya kai mata sanda. Shi maganinsa daban, sauri ya haifi nawa. Abin da nake koya musu yanzu su duka biyun abu ɗaya ne: kafin a ƙirga maka biyu, kai ke da zaɓi, ka ware ɗan wurin da ka fi so a tagar, in ta zo nan ka doka da dukkan ƙarfinka ko da jifan farko ne. In an ƙirga maka biyu, zaɓi ya ƙare, ka ɗan matsa hannu sama a jikin sanda, duk wadda ta kusanci taga ka taɓa ta. Ko manyan 'yan wasan Amurka, in an kai su nan, dukansu mai kyau ba ya kai biyu cikin goma, don haka barin jifa mai kyau ya wuce tun da fari ba wayo ba ne.

Mu iyaye ma sai mun gyara bakinmu. Na daina tambayarsa ko ya fita ko bai fita ba. Tambayata yanzu ita ce, wadda ka doka mai kyau ce? Wadda ka ƙyale fa? In ya kai wa mai kyau duka ya kuskure, ni ne farkon mai tafi. Wasa ne da wanda ya dace sau uku cikin goma ake kira gwani, to ina dalilin tsorata yaro a kan sau bakwai ɗin?

Kada kuma a ɗauka wasan baƙo ne ƙwarai a ƙasar nan. An buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, Nijeriya ta zo ta biyu bayan Afirka ta Kudu. A 2017 kuma Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasar Amurka, kuma a shigarsa ta farko ya doki ƙwallo ya kai zango. Na ba ɗana labarinsa, na ce wannan Asabar ko sau uku zai fita, ina so in ji iskar sandarsa. Ya ce, "To Baba, amma kai za ka yi wa Hajiya bayani."

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.