Ku Sakar Wa Andrew Garfield Mara, Ku Tuhumi Mai Alƙalami



Akwai wata gardama da na gaji da jin ta a bakin masu cewa suna son zama marubuta: wai tsakanin Tobey Maguire da Andrew Garfield da Tom Holland, wane ne Spider-Man na gaske? Wannan ya ce Tobey ya fi kama da talaka, wancan ya ce Garfield ya fi kyau, wata ta ce Holland ya fi iya tsalle. Idan ɗan kallo ya yi wannan musu ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ya biya. Amma marubuci ya shafe awa biyu yana auna fuska da gashi bai tambayi wanda ya tsara labarin ba? Wannan abin kunya ne.

Mu ɗauki abu guda da aka yi sau biyu, wato mutuwar Ben, baffan Peter Parker.

A fim ɗin 2002 na Sam Raimi, wanda David Koepp ya rubuta, Peter yana son sayen mota don ya burge Mary Jane. Ya shiga kokawa bisa alkawarin dala 3,000, ya yi nasara, mai shirya wasan ya miƙa masa dala 100. Nan take ɓarawo ya yi wa mutumin fashi, ya biyo ta gaban Peter, shi kuwa ya matsa gefe ya ba shi hanya. Ku tsaya a nan. Duk wanda ya kalli wurin sai da zuciyarsa ta ce madalla, Allah ya ƙara. Marubucin ya sa mun yi tarayya da yaron a cikin laifinsa. Shi ya sa da aka tarar da Ben kwance a titi, kuma Peter ya ga fuskar ɓarawon ya gane shi, abin ya doke mu tare da shi. Hawayen Tobey ya yi tasiri ne domin an riga an share masa fage.

A fim ɗin 2012 na Marc Webb kuwa, kuɗin madara ne bai cika ba, saura santi biyu, mai kanti ya hana. Ɓarawo ya kwashe kuɗin kantin, Peter ya ƙi taimakawa, aka harbi Ben. Daga nan Peter ya bazama neman mutumin da ke da zanen tauraro a hannu. Ya nema, ya nema, sai fim ɗin ya manta da shi, ya koma kan wani ƙaton ƙadangare da sirrin iyayen Peter. Har aka tashi ba a kama makashin ba. Na 2014 ya ƙara dagula lissafi: ga Electro, ga Harry Osborn, ga Rhino, ga tallar finafinan da ba a ma yi ba, duk a tukunya ɗaya. Sai aka taru aka ce Garfield ne bai iya ba. Mutumin da daga baya aka saka sunansa a takarar Oscar har sau biyu!

Wani zai ce ai ɗan wasa ma yana da nasa. Ƙwarai kuwa. Soyayyar Garfield da Emma Stone ita ce ta riƙe finafinan nan biyu, kuma ba kowa ne zai iya fitar da ita haka ba. Amma a gaya mini: Tobey ɗin da ake yabo, ba shi ba ne a Spider-Man 3 na 2007, wanda ya zubo gashi a goshi yana rawa a titi har yau ana yi masa dariya? Mutum ɗaya ne, darakta ɗaya. Abin da ya canza shi ne an cusa mugaye uku a labarin da ɗaya ya ishe shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a 2021. A No Way Home, Chris McKenna da Erik Sommers suka haɗa su ukun a fim guda. Suka tuna cewa Peter na Garfield ya kasa ceton Gwen lokacin da ta faɗo daga sama a 2014, shekara bakwai ke nan. Sai suka sa MJ ta faɗo, hannun Holland bai kai gare ta ba, Garfield ya bi ta ya cafe. Da ya dire ƙasa, idonsa ya cika da ƙwalla. Abin bai kai minti ɗaya ba. Masu zaginsa jiya su ne suka cika intanet da roƙon a yi masa fim na uku. Ko sabon kai aka dasa masa? An dai ba shi tabon da zai taɓa ne a lokacin da ya dace.

Abin da ya sa na ɗauki zafi shi ne, wannan cutar tana cikin rubutunmu. Kafin mu san abin da jaruminmu ya aikata da yake hana shi barci, mun riga mun zaɓar masa hoto a waya. Dogo ne, fari, mai saje, ga dogon hanci, ga motar da babu irinta a unguwa. Shafi uku ana siffanta shi, babi goma bai yi kuskure ko ɗaya da zai biya farashinsa ba. Stan Lee da Steve Ditko a 1962 sun rufe wa nasu jarumin fuska ruf, ko ƙwayar idonsa ba a gani, kuma tun a fitowarsa ta farko suka ɗora masa alhakin mutuwar baffansa. Yau sama da shekara 60 ana canza masu saka rigar.

Don haka duk wanda zai ba ni amsa, kada ya turo mini hoton kowa. Ya buɗe labarin da yake rubutawa yanzu, ya faɗa mini ɓarawon da jaruminsa ya matsa wa gefe, da kuma shafin da abin ya dawo masa.