Benayen Kalgari: An Biya da Kuɗin Jama'a, Wa Zai Kwana Ciki?

Kalgari da ke ƙasar Kanada birni ne da arzikin man fetur ya raya. Da farashin mai ya faɗi a 2014 kamfanoni suka sallami ma'aikata, annobar korona ta 2020 kuma ta koya wa saura yin aiki daga gida. Zuwa 2021 kusan kashi ɗaya cikin uku na ofisoshin tsakiyar birnin ba kowa a ciki. Darajar benayen ta karye, harajinsu ya ragu, nauyin ya koma wuyan 'yan kasuwar wasu unguwanni.

A wannan shekarar ce majalisar birnin ta yanke cewa duk wanda ya mai da benen ofis gidajen kwana za a ba shi dalar Kanada 75 a kan kowace murabba'in ƙafa. Kyauta ce daga baitulmali, ba rance ba.

Ba mu ga laifin tallafin ba. Benen ofis ba don kwana aka gina shi ba: tsakiyarsa nesa take da taga, banɗakunansa a tattare suke wuri guda, alhali kowane gida na buƙatar madafa da makewayi da bututun ruwansa. Ga kuma riba, wadda ba ta jiran a gama gini. Babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.25 a farkon 2022 zuwa kashi 5 a 2023, magini kuwa a kan ɗan haya yake fanshe abin da banki ya ci.

Inda muke da ja shi ne an buɗe shirin ba tare da sharaɗin ware wa masu ƙaramin ƙarfi gida ko ɗaya ba. Dukiyar jama'a amana ce, kuma mai sharar benen yana da haƙƙi a cikinta kamar mai benen. Abin ba gagara ya yi ba. A cikin Kalgarin nan ƙungiyar HomeSpace ta mai da wani tsohon benen ofis gidaje 82 masu sauƙin haya a 2022. A Niyok kuwa, rangwamen harajin da aka kafa a 2024 don irin wannan aiki ya wajabta ware kashi 25 cikin ɗari na gidajen ga masu matsakaici da ƙaramin samu, wanda ya ƙi kuma babu rangwame gare shi.